MURYAR YAKUBU A LAYI NA TARA

Shafi na 14

Na Halimatu Sadiya Bungudu

*Bismillahi. 'Yan uwa duk na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafin yau ba za ta biyo ni har gida. Ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ga waɗanda suka shigo yau: Salma ta haɗa 'yan kayan ɗaukar waƙa a ɗakinta, jiya ta yi ɗaukarta ta farko. Da ta saurara, sai ta ji wata murya tana yi mata amshi.*

*

Tun da ta idar da sallar asuba Salma ba ta sake taka ɗakinta ba. A tsakar gida ta zauna tana wanke-wanke. Da kwanonin suka ƙare, sai ta sake jawo waɗanda ta riga ta ɗauraye.

Gwaggo Lantana, ƙanwar babanta da Salma take zaune a wurinta a Sabon Gari, ta leƙo daga madafa.

"Ke kuwa laifin me kwanonin nan suka yi miki yau?"

"Ba komai Gwaggo."

"Ba komai idonki ya yi zuru-zuru haka?"

Ana haka sai ga sallamar Shafa'atu. Ƙawar Salma ce tun makarantar sakandare, yanzu ita ke haɗa sauti a wani gidan rediyo a nan Gusau, kuma ita ce ta rubuta mata jerin kayan da za ta saya lokacin da ta nace sai ta fara ɗaukar waƙa a gida.

Bayan ta gaida Gwaggo ta ja hannun Salma.

"Kira bakwai na tarar. Me ya ƙone?"

"Zo ki ji da kunnenki."

A bakin ƙofar ɗakin Salma ta ja ta tsaya, sai da Shafa'atu ta fara shiga. Komai yana nan yadda ta bar shi jiya da la'asar. Tsohuwar katifa jingine a taga, barguna biyu a bango don kada sauti ya riƙa dawowa, makirufo a tsaye kan sandarsa, ɗan akwatin sankad da ke haɗa makirufon da kwamfuta yana kan teburin keken ɗinkinta. Hedifon ɗin sauraro kuwa yana ƙasa, inda ta yi jifa da shi.

Shafa'atu ta ɗauka tana kakkaɓewa.

"Haka ake yi wa kaya? To faɗa min."

"Na yi waƙa ni kaɗai. Na saurara na ji mu biyu."

Dariya Shafa'atu ta yi.

"Duk ɗan koyo da irin tasa. Kin kashe fanka?"

"Na kashe."

"Kin bar tazarar tafin hannu tsakanin bakinki da makirufon, yadda na nuna miki?"

"Na bari."

"Fitilar sankad ɗin ba ta yi ja ba?"

"Kore ta tsaya."

"To amsa-kuwwa ce. Ko kuma wayar makirufon ce ta jawo rediyon maƙwabta, mai araha tana yin haka."

"Shafa'atu, ki saurara kawai."

Yadda ta faɗa ya sa dariyar ta tsaya. Shafa'atu ta zauna, ta kunna kwamfutar, ta buɗe manhajar, ta sa hedifon a kunne ɗaya ta miƙa wa Salma ɗayan ɓangaren. Salma ta girgiza kai. Ko daga inda take tsaye tana jin sautin yana fitowa ƙasa-ƙasa.

Kiɗa ya fara, kalangu a hankali. Sai muryar Salma ta shigo, siririya, tana ɗan rawa irin ta wadda ba ta saba ba.

*Gero ya nuna a Nahuce,*
*Tsuntsu ya riga ni gona...*

Sai wata murya ta karɓa daga ƙarƙashin tata. Ta namiji ce, mai kauri, da ɗan dushewa a ƙarshen kowace kalma.

*Wa zai kai wa Inna dami?*

Shafa'atu ta zare hedifon a hankali. Ta waiwaya ta dubi bayan ƙofa, ta dubi katifar da ke taga, sannan ta dubi Salma.

"Wa ya shigo ɗakin nan jiya?"

"Ba kowa. Da sakata na rufe."

"Kin san muryar?"

Salma ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Yaya Yakubu ne."

"A'uzu billahi."

Shafa'atu ta san labarin, kamar yadda duk wanda ya san Salma ya sani. Shekara huɗu da suka wuce Salma da yayanta Yakubu suna dawowa daga wani biki a Tsafe, inda aka gayyace shi waƙa, 'yan bindiga suka tare motarsu suka shiga da su daji. Kwana sha tara Salma ta yi. Kawunsu Mu'azu, ƙanin mahaifiyarsu, shi ya shiga dajin ya fito da ita. Ya ce Yakubu zazzaɓi ya kashe shi kwana biyu kafin nan, an nuna masa gawar, kuma da hannunsa ya sa shi a rami.

Shafa'atu ta yi ta maza ta jawo kwamfutar gabanta.

"Tsaya. Shekarata shida ina aikin nan, ban taɓa ganin aljani a cikin waya ba. Da kika zo ɗauka, sabon fayil kika buɗe?"

"Wane iri ne sabo?"

"Salma! Ban ce miki kowace waƙa da fayil ɗinta ba?"

"Ni ina kunna manhajar na tarar da kiɗa a ciki. Na ɗauka da shi take zuwa."

"Sai kika hau kai."

"Ya dace da waƙar Yaya kamar an auna. Shi ya sa ma na zaɓe ta."

Shafa'atu ta ƙura wa kwamfutar ido. Ta sa yatsa ta riƙa jan allon sama. Layuka suka riƙa wucewa, kowanne da launinsa. Na kalangu, na ganga, na sarewa, na muryar Salma. Takwas ne ake gani. Da ta ƙara ja, sai ga wani can ƙasa, shi kaɗai, launin toka, ba suna.

"Ga shi nan. Layi na tara."

"Mene ne?"

"Murya ce aka ɗauka aka toshe ta. Jiya kin daddanna wani abu?"

"Na yi kuskure a baiti na biyu, ina neman inda ake gogewa. Ban san me da me na taɓa ba."

"To ke kika buɗe masa baki." Shafa'atu ta sauke ajiyar zuciya har da dafe ƙirji. "Kwamfutar hannu ce kika saya a Tsafe, ba sabuwa ba. Mai ita na da bai goge aikinsa ba. Wataƙila marigayin ya taɓa ɗaukar waƙar a wurinsa kafin rasuwarsa. Allah ne ya so ki da rahama, Ya dawo miki da muryarsa. Kin ga ba abin tsoro."

Salma ta girgiza kai.

"Yaya bai taɓa tsayawa gaban makirufon ɗauka ba. Kullum cewa yake sai ya sayar da waken bana. A gona ya yi waƙar nan, mu uku muka san ta. Ni, da shi, da Inna."

Shafa'atu ta danna kan layin, wani ɗan akwati ya fito da rubutu. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Me aka rubuta?"

"Ranar da aka ɗauka."

"Yaushe?"

"Wata bakwai da suka wuce." Ta yi saurin ƙarawa, "Amma kar ki ɗauki wannan. Agogon tsohuwar kwamfuta ƙarya yake, wani sai ya nuna miki shekarar da ba a haife ki ba."

"Layin nan ya fi nawa tsawo," in ji Salma tana nunawa. "Dubi inda nawa ya tsaya. Nasa ya ci gaba."

Jiya ba ta kai nan ba, tana jin amshin farko ta cire hedifon ta gudu.

"Ki rufe sauran duka," ta ce. "Shi kaɗai nake so na ji."

Wannan karon ita ta sa hedifon da kanta, Shafa'atu ta manna kunne a gefe.

Da kiɗan ya ɗauke, sai wurin da aka yi ɗaukar ya fito fili. Ba ɗaki ba ne. Iska tana kaɗa ganye. Kurciya tana kuka a kusa. Can nesa ƙaramin janareta yana ƙugi, wani yana ta fama da babur ya ƙi tashi. Numfashin Yakubu yana shiga yana fita a kunnenta kamar yana tsaye a bayanta.

Ya yi baitin farko. Ya yi na biyu. Inda waƙar ta saba ƙarewa ya yi shiru, ya haɗiye yawu, sannan ya ɗora da abin da ba ta taɓa ji ba.

*An ce Inna ta riga ni kwanciya,*
*Ban ɗau makara ba, ban zuba ƙasa ba,*
*Wa zan kai wa dami yanzu?*

Wata murya daga gefe ta katse shi.

"Kai, bar wagga ta kuka. Yi ta Oga."

Maza suka bushe da dariya. Aka ji ƙarar ƙarfe ya bugi ƙarfe. Layin ya ƙare.

Daga tsakar gida ana jin Gwaggo tana kiran kaji.

"Yaushe Inna ta rasu?" Shafa'atu ta tambaya, duk da ta je ta'aziyyar.

"Shekara biyu, da azumin nan da ya wuce."

"Shi kuma..."

"Huɗu."

Salma ta miƙe. Ta zare wayoyin da ke jikin kwamfutar, ta naɗe ta a zani tare da hedifon, ta cusa a jakar da take kai ɗinki.

"Ina za ki?"

"Wurin wanda ya ce da hannunsa ya binne shi."

"Ki bari na tashi aiki mu tafi tare."

"Ba zan iya jira ba."

Shafa'atu ta riƙe mata hannu.

"To ki ji. Kar ki tura shi a waya, kar ki sa wa kowa ya ji a mota. Kin dai ji su waye ke dariyar nan."

*

Ana idar da azahar ta sauka a Nahuce, ƙauyensu, inda ta ce wa Gwaggo za ta je nuna wa Kawu kwamfutar. Gero ya yi kai a gonakin bakin hanya, amma waɗanda ke nesa da gari duk ciyawa ce, shekara uku ke nan ba mai zuwa can don tsoron 'yan bindiga.

A zaure ta tarar da Kawu Mu'azu, ya dawo daga masallaci yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi da sallah. Iyalinsa sun tafi suna, gidan ba kowa.

"A'a, ɗiyata! Lahiya kinka taho ba sanarwa?"

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Ta tambayi gona, ta tambayi ƙafarsa mai ciwo. Sannan ta kwance zanin ta buɗe kwamfutar a kan tabarma.

"Mi na na wanga kuma?"

"Waƙa na fara koyon ɗauka, Kawu. Na kawo maka ka sa albarka."

Ya yi murmushi.

"Jinin gidanku dai ba ya ɓuya."

Bai taɓa sa hedifon ba, sai da ta ɗage masa hula ta daidaita masa. Ta danna.

Tana kallon fuskarsa. Da farko murmushin yana nan. Sai ya tafi. Igiyar ta zame daga hannunsa. Da aka zo baitin Inna, ya kai hannu biyu ya fizge hedifon kamar kunama ta shige masa kunne.

"Ina kinka samu wanga abu?"

"Ka gane muryar?"

"Murya ai tana kama da murya."

"Ban ce maka ta wani ba ce, Kawu."

Ya sunkuya ya ɗauki igiyarsa.

"Tsohuwar ɗauka ta," ya ce. "Tun shina da rai."

"Yana da rai ya yi wa Inna ta'aziyya? Shekara biyu bayan ka binne shi?"

"Ke Salma, ni kike wa tambayar alƙali?"

"Da wane hannu ka sa shi a ramin? Na dama ko na hagu?"

"Ki kiyayi bakinki."

"Na kiyaye shi shekara huɗu. Inna ta tambaye ka ko an yi masa wanka, ka ce an yi. Ta tambaye ka ko an fuskantar da shi gabas, ka ce da kanka ka gyara masa wuya. Ina zaune a wurin. Tun ranar ba ta ƙara cin tuwo ta ƙoshi ba."

Ya kau da kai yana kallon bango.

"Anti Zainab ta yi takaba wata huɗu da kwana goma," Salma ta ci gaba. Zainab matar Yakubu ce. "Kai ka karɓi sadakinta da za ta sake aure. Yanzu goyo ne a bayanta, Kawu. Matar wa ce ita a wurin Allah?"

Nan ne ya karye. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna rawa. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da aka fita da Inna.

Da ya ɗago, sai ya tashi da ƙyar ya leƙa waje, ya duba hagu da dama, ya jawo ƙyauren zauren. Wurin ya yi duhu, sai hasken kwamfutar.

"Shina da rai," ya ce.

Ta riga ta sani, amma da ta ji daga bakinsa sai da zauren ya juya mata.

"Ran da na shiga dajin, ba su yi niyyar sakin kowa ba. Kacallansu, babbansu ke nan, ya ce ke ya zaɓa ma wani yaronsa. Na yi roƙo har na gaji. Ashe sun ji Yakubu shina waƙa a inda sunka ɗaure shi. Sai kacallan ya sa anka kawo shi, ya ce ya yi mai kirari. Ya yi. Mutumen ya tashi tsaye shina harbi sama don daɗi."

"Sai me?"

"Sai Yakubu ya ce, in kana son irin wagga kullum, ka saki ƙanwata. Ni in zauna."

Salma ta toshe bakinta da gyale.

Ta tuna ranar. An kwance mata ƙafa da hantsi, aka ce ta bi Kawu. Ta tambayi ina Yaya, aka ce ta yi tafiyarta. A hanya ne Kawu ya faɗa mata ya mutu, ta faɗi, ya goya ta har bakin rafi.

"To don me za ka ce ya mutu? Don me ba ka ce yana can ba, mu yi ta addu'a?"

"Shi ya sa ni. Ya ja ni gefe, ya ɗora hannuna bisa Alƙur'anin da ke aljihuna. Ya ce Kawu, in Inna ta ji ɗanta na wasa waɗanda ke kashe mutane, baƙin ciki na kashe ta, gara ta yi kukan mutuwa sau guda. Ya ce in gari ya ji, ba mai cewa tilas anka yi mai. Cewa za a yi gidanmu gidan masu kai rahoto na. Kin san abin da aka yi wa irin wanga gida."

Ta sani. Ta ga gidan da aka yi wa haka a ƙauyen gaba, ko ƙyaure ba a bari ba.

"Zainab fa?"

"Ya ce a bar ta ta yi aure. Na ce ka hurta saki in ji da kunnena. Ya hurta, shina kuka. Wanga kam ban ci amanar Allah ba, aurenta halas na. Takabar ce ta yi a banza, kuma ta hi idda tsawo."

"Inna ta mutu tana kiran sunansa."

"Ina wurin."

"Ka ji ta, ka yi shiru."

"Na rantse, ɗiyata. Na rantse da Littahi." Ya share fuska da hannun riga. "Kullum na kwanta sai na gan ta."

Salma ta dube shi. Fushin da ta taho da shi daga Gusau yana nan, amma ta rasa inda za ta ajiye shi.

"Wa ya gaya masa rasuwar Inna?"

"Ni na aika."

"Ashe kuna magana."

"Ba baki da baki ba. An yi wani mai gyaran waya a Tsafe da sukan kai ma aiki. In na je kasuwa nakan bar saƙo wurinsa, wani lokaci a wata uku in samu amsa. Kalma biyu, uku. Ina lahiya. A gaida Salma." Ya dube ta. "Shi ya tambaya ko kina waƙa har yanzu. Na ce kin bari tun da kinka hito. Ya ce a ce miki kar ki bari. Ban san ta yadda zan hwaɗa miki ba."

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

Kawu ya nuna kwamfutar da haɓa, ba ya son ko taɓa ta.

"Yanzu ke hwaɗa min. Wanga abu daga dajin ya hito. Ya anka yi ya zo hannunki?"

"Saya na yi. Sati biyu ke nan."

"Wurin wa?"

"Wani ne ya kira ni, ya ce ya ji ina neman kayan ɗauka na hannu, yana da su gaba ɗaya, kwamfuta da makirufo da komai. Na je Tsafe na karɓo."

"Wa ya ba shi lambarki?"

Ba ta taɓa tambayar kanta ba. Murnar samun kaya ta rufe mata ido.

"Mi ne sunansa?"

"Lawali. Shagonsa na bayan tasha, mai koren ƙyaure."

Kawu ya dafa bango.

"Lawali mai gyaran waya?"

"Shi."

"Salma, wurin Lawali nike barin saƙon. Wata uku ke nan da anka tsinci gawarsa a bakin hanya. Na je jana'izar. Tun ran nan shagon ke kulle."



"A buɗe na same shi. Na shiga ciki, Kawu."

"Wa kinka tarar?"

"Mutum biyu." Ta runtse ido tana tunowa. "Ɗaya dogo, mai jar hula, shi ya ce shi ne Lawali. Shi ya yi duk maganar. Ɗayan yana zaune a lungu, a ƙasa, ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci. Siriri ne sosai. Na gaishe shi bai amsa ba, na ɗauka kurma ne."

"Bai yi komi ba?"

"Shi ya ɗaure min kayan a kwali. Dogon ya ce a ba ni wata kwamfutar, baƙa, da ke kan tebur. Shi kuma ya sa wannan a ƙasan kwalin, ya rufe da sauri. Sai a gida na lura ba ita ba ce, na ce duk ɗaya ne."

Kawu ya matso har tana jin numfashinsa.

"Hannunsa na hagu. Kin duba?"

Ta duba. A lokacin ma sai da ta ji tausayinsa, don ya sha wuya wurin ƙulla igiyar kwalin. Ƙaramin yatsansa babu rabi. Yakubu yana ɗan shekara goma lauje ya cire masa shi a gonar Baba, ita ce ta rugo gida ta faɗa.

Da zai miƙo mata kwalin ya riƙe shi bai saki da wuri ba, har sai da dogon ya yi gyaran murya.

"Na tsaya a gabansa," ta ce. "Kawu, na tsaya a gabansa na ce masa sannu Malam."

Wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka.

Su biyun suka zabura. Ta lalubo ta. Sunan da ta ajiye da kanta sati biyu da suka wuce yana haske a kan allon.

*Lawali Mai Kaya.*

Kawu ya girgiza mata kai. Kiran ya tsinke. Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Salma ta danna, ta kai kunne, ba ta yi sallama ba.

"Hajiya Salma." Muryar dogon ce, a sake, har da 'yar dariya. "An yi kuskure wurin ba ki kaya, mun zo musanya. Ga mu ƙofar gidanku a Sabon Gari. Gwaggonki mutuniyar kirki, har ruwa ta ba mu."

A bayansa ta ji an tada babur, sannan wani, sannan wani.

"Ta ce kin tafi Nahuce da kwamfutar. Ki zauna nan inda kike, ki gaida min Malam Mu'azu. Ga mu nan tafe."